Buɗaɗɗiyar Wasiƙa ga Majalisar Dokokin Jihar New York: Kun Tafi Hutu, Kun Bar Mu a Ƙofar Kotu

Zuwa ga
Mai girma Gwamna Kathy Hochul,
Shugabar masu rinjaye a Majalisar Dattawan jiha, Sanata Andrea Stewart-Cousins,
Kakakin Majalisar Wakilan jiha, Honorabul Carl Heastie,
da ɗaukacin sanatoci 63 da wakilai 150 da ke zama a Albany.

Ranku ya daɗe,

Bayan gaisuwa mai yawa tare da girmamawa, ina fatan kuna lafiya, ku da iyalanku, kuma kowa ya koma mazaɓarsa ya tarar da gida lafiya.

Ni mace ce haifaffiyar Katsina, shekarata 21 ke nan a Bronx. Na shigo ƙasar nan a 2004 ta cacar biza, a lokacin da 'yan Najeriya ke da damar shiga cikinta. Sana'ata kula da tsofaffi a gidajensu: in yi musu wanka, in dafa abin da likita ya yarda su ci, in juya wanda ba ya iya juyawa don kada bayansa ya yi gyambo. Na yi rantsuwar zama 'yar ƙasa, ina biyan haraji, kuma tun daga ranar ban taɓa fashin zaɓe ba. Na faɗi haka ne don ku san ba tsoron kaina ya sa na ɗauki alƙalami ba, takarduna cikakku ne. Hausawa sun hana a ari bakin mutum a ci masa albasa, amma wannan karon masu bakin ne da kansu suka ba ni aro, domin wanda takardunsa ba su cika ba ba ya sa hannu a wasiƙa irin wannan. Ina magana ne da yawun masu jin Hausa da ke zaune a jihar nan, mutanen Maraɗi da Damagaram da Tawa, mutanen Kano da Sakkwato, 'yan zangon Kumasi da Nima, da na Kamaru, Chadi, Togo da Sudan. Direbobin tasi ne, da masu kitso a titi na 125 a Harlem, da samarin da ke kai abinci a keke cikin dusar ƙanƙara, da mata irina da ke kwana a gefen gadon iyayen wasu. Ba zaɓena aka yi ba. Mun dai zauna a sashen mata bayan sallar Juma'a, aka yi ta magana har la'asar, aka ce tunda ke ce mai raka mutane asibiti da ofis kina yi musu tafinta, ke za ki rubuta.

Ina jin Turanci, da shi nake aiki kullum. Da gangan na rubuta da Hausa. So nake ma'aikacin ofishinku ya riƙe takarda a hannunsa, ya ga sunan ubangidansa a sama, ya ga shekaru da alƙaluman kuɗi a ciki, ya tabbata magana ce mai nauyi, amma ya kasa sanin abin da ake cewa. Haka mutanena ke tsayawa a gaban akwatin wasiƙa kowace safiya, sai dai tasu takardar wani lokaci ranar zuwa kotu ce a ciki.

Abin da ya tunzura mu shi ne yadda kuka rufe zaman 2025 a watan Yuni, kuka watse, alhali ƙudurori biyu da muka daɗe muna jira suna kwance ba a ko kawo su gaban zaure an kaɗa ƙuri'a ba. Ɗaya shi ne Access to Representation, wanda zai ba duk wanda ake neman tasa ƙeyarsa haƙƙin samun lauya. Ɗayan kuma New York for All, wanda zai hana a mayar da 'yan sandan jiha da na gundumomi 'yan aiken hukumar shige da fice ta tarayya, wato ICE. Da a ce shekarar kwanciyar hankali ce, da mun ce Allah ya kai mu baɗi. Amma shekarar da kuka zaɓi yin shiru ita ce wadda tun a makon farko na sabuwar gwamnatin Washington aka soke ƙa'idar da ta hana kame a makarantu da asibitoci da wuraren ibada. Ita ce shekarar da aka sa Chadi da Sudan cikin ƙasashen da aka rufe wa ƙofa, aka kuma janye kariyar wucin gadi da 'yan Kamaru ke zaune a ƙarƙashinta. Mutumin da jiya yake da izinin aiki, yau ya wayi gari ba shi da shi, ba tare da ya taka dokar kowa ba.

Yabon gwani ya zama dole, kuma ba za mu zama butulu ba. Wannan majalisar ce a 2019 ta ba marasa takarda damar yin lasin tuƙi, kuma a shekarar ta buɗe wa 'ya'yansu tallafin karatun jami'a da dokar da aka sa wa sunan marigayi Sanata José Peralta. A 2020 kun hana ICE kame a kotunan jiha sai da izinin alƙali. A 2021, bayan ma'aikata sun yi yajin cin abinci na kwana 23, kun ware dala biliyan 2.1 ga waɗanda tallafin korona ya tsallake. Na san gidajen da kuɗin nan ya hana a watsa musu kaya waje. Saboda mun ga kun iya ne ma shirun bana ya fi yi mana ciwo.

Bari in fara da maganar lauya, don ita ce ta fi ci mana tuwo a ƙwarya.

Tun 1963 Kotun Ƙolin Amurka ta yanke cewa wanda ake tuhuma da babban laifi, in ba shi da hali, dole hukuma ta ba shi lauya. Ɓarawon mota yana da wannan haƙƙi, kuma ba ma jayayya da hakan. Amma shari'ar shige da fice ba a lissafa ta cikin shari'un laifi, don haka wanda za a raba da matarsa da 'ya'yansa, a mayar da shi inda ya gudo, ba shi da kowa sai in ya biya. Gwamnati na da lauyanta a zaune a teburi ɗaya. A ɗaya teburin kuwa wani lokaci yaro ne ƙarami wanda ƙafarsa ba ta kai ƙasa daga kan kujera.

Kada ku ɗauka amfanin lauya cika fom ne kawai. Na taɓa raka wata ƙanwata, ba ta jini ba, 'yar wani ƙauye a yankin Maraɗi, wajen wata lauya mai aikin sa kai. Lauyar ta buɗe kwamfuta ta ce a tambaye ta sunan mijinta. Na tambaya. Sai ta sunkuyar da kai tana murza bakin mayafinta, ta ce, "Maigidan." Aka sake tambaya, ta ce, "Baban su wance." Aka zo kan ɗanta na fari, nan ma ta kau da fuska ta ce, "Yaron nan." Aka tambaye ta ranar da aka kai musu hari, ta ce bayan babbar salla ne da kwana kaɗan, gero ya fara fitar da kai. Takardar haihuwarta kuwa 1 ga Janairu aka rubuta, kamar ta rabin mutanen ƙauyensu. Na ga lauyar ta ajiye biro tana kallona, na san abin da ke ranta: matar da ba ta san sunan mijinta ba, ba ta kallon mutum a ido, ba ta da kwanan wata ko ɗaya. Sai da na ce a dakata, na bayyana mata mene ne kunya, cewa a wurinmu mace mai tarbiyya ba ta kama sunan miji ko na ɗan fari, kuma zuba wa babba ido rashin ɗa'a ne. Zama uku suka yi kafin ƙanwar nan ta iya furta sunan da ƙarfi, kuma sai da aka ɗauko kalanda aka nemo ranar da salla ta faɗo a waccan shekarar. To ku ɗauke lauyar daga wannan labari, ku ajiye matar nan ita kaɗai a gaban alƙali da lauyan gwamnati. Tarbiyyar da uwarta ta sha wahala ta ba ta ita ce za a rubuta a matsayin shaidar ƙarya.

Akwai kuma tarkunan da sai wanda ya sani. Mai neman mafaka shekara ɗaya tak gare shi daga ranar shigowa ya shigar da takardarsa. Bayan ya shigar sai ya ƙirga kwana 150 kafin ya nemi izinin aiki. In ya sauya masauki bai sanar ba, wasiƙar kotu ta tafi tsohon adireshi, ranar ta wuce, za a iya yanke hukuncin korarsa ba ya nan. Ku tuna kuma samarin da suka shigo daga 2022, da dama ta hanyar Nikaraguwa, birni ya riƙa tashinsu daga masauki duk bayan kwana 30. Ina adireshin da mutum zai bayar? Inda lauyan gaskiya ya yi ƙaranci, nan na bogi ke yin kasuwa, don sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Na san yaron da aka ba kwasar adashi tun kafin layinsa ya zo, dala 3,000, ya kai wa wani mai ofis da kwat da hatimi. Mutumin ya kwafe labarin wani ya liƙa masa, har da sunan garin da yaron bai taɓa takawa ba. Yanzu da wannan labarin zai tsaya a kotu.

Abin haushin shi ne maganin a gidanku aka fara haɗa shi. A 2013 aka fara wani shiri a kotun shige da fice da ke titin Varick, na ba duk wanda ke tsare lauya kyauta, irinsa na farko a faɗin Amurka. Da cibiyar Vera ta auna shi a 2017, ta ƙiyasta cewa kashi 48 cikin 100 na waɗanda suka samu lauya za su yi nasara, alhali marasa lauya kashi 4 ne kacal. Mutanen iri ɗaya, dokar iri ɗaya. Ma'ana akwai ɗimbin mutanen da doka ta ba damar zama, ana korarsu ne kawai don babu wanda zai nuna wa alƙali sashen da ya ba su. Jiha ta faɗaɗa shirin, mun gode, amma har yau kyauta ce da ake roƙo duk shekara a kasafin kuɗi, ba haƙƙi ba. Lauya ba zai karɓi shari'ar da za ta ɗauki shekara huɗu da albashin da ba a san makomarsa bayan Afrilu ba.

Mai girma Gwamna, ranar 17 ga Yunin 2025 jami'an tarayya sun kama Brad Lander, mai binciken kuɗin birnin New York a lokacin, a farfajiyar kotun shige da fice da ke 26 Federal Plaza, yana riƙe da hannun wani baƙo da ya rako. Ke da kanki kika je kika fito da shi, mun gani a talabijin, kuma kin kyauta. A masallacinmu dai tambayar da aka yi ta yi ita ce, shi wancan da aka ɓamɓare daga hannunsa fa, wa ya bi sawunsa?

Sai maganar 'yan sanda. A cikin birnin New York akwai dokokin da suka taƙaita miƙa mutane ga ICE, kuma tun 2017 akwai umarnin gwamna da ya hana ma'aikatan jiha tambayar matsayin mutum ba gaira ba dalili. Amma umarnin gwamna ba doka ba ne, wani gwamnan na iya shafe shi da sa hannu ɗaya, kuma bai ɗaure gundumomi ba. Gundumar Rensselaer, wadda kogi kawai ya raba ta da inda kuke zama, ta daɗe da ƙulla yarjejeniyar da ake kira 287(g) da ICE, wadda ke ba jami'an gunduma damar yi mata aikin shige da fice. A 2025 gundumar Nassau ta bi sahu. Tsakanin Queens da Nassau babu shinge babu gada, titi ɗaya ne ya miƙe. Direban da ya ɗauki fasinja daga filin jirgin JFK zuwa Long Island, cikin minti kaɗan ya fita daga wata doka ya shiga wata, bai sani ba. Fitilar baya ce ta mutu, aka tsayar da shi, daga nan sai abin da Allah ya yi. Lasin da kuka ba shi a 2019 don ya yi tuƙi a fili, yanzu tsoron miƙa shi yake.

Mutum kuwa ba ya rarrabe kaki idan tsoro ya kama shi. Wani yaro maƙwabcina, mai kai abinci, an tare shi da wuƙa a bakin wani bene aka ƙwace kekensa mai batir, wanda bai gama biyan bashinsa ba. Ya shigo ɗakina hannunsa na jini. Na ɗauki waya zan kira 911, ya riƙe mini hannu ya ce, "Don Allah Hajiya, a bar maganar." Na yi masa bayani cewa a cikin birni muke, ba za a tambaye shi takarda ba. Ya ce an gaya wa wani haka. Da ruwan zafi da gishiri muka wanke ciwon. Wanda ya yi masa fashin yana nan yana yawo, kuma ba ya tambayar takardar wanda zai tara gobe. Akwai na cikin gida ma da ba a faɗa: matar da ake duka ta yi shiru, ma'aikacin da aka cinye wa albashin mako uku, ɗan haya da aka bari ba ɗumi a watan Janairu. Mu a Bronx ba ma buƙatar a gaya mana ƙarshen ɗakin da ba ɗumi. Ranar 9 ga Janairun 2022 hita ta lantarki ta kama wuta a benen Twin Parks, ƙofar da ya kamata ta rufe kanta ba ta rufe ba, hayaƙi ya kashe mutum 17, takwas daga ciki yara, yawancinsu 'yan'uwanmu 'yan Gambiya. Mun je jana'izar. Duk dokar da ke sa talaka jin tsoron ɗaga waya ya kai ƙara, tana ƙara yawan irin waɗannan hitocin a ƙarƙashin labule.

New York for All bai hana a kama mai laifi ba, bai kuma hana jami'in tarayya aikinsa ba. Cewa ya yi in suna son mutum daga hannun jiha, su kawo takardar izini daga alƙali, kuma su yi aikinsu da ma'aikatansu da kuɗinsu. Ba ku za ku fara ba. Oregon na da irin wannan doka tun 1987, California da Illinois suka yi tasu a 2017, kuma Kotun Ƙoli ta faɗa tun 1997 cewa tarayya ba ta da ikon tilasta wa jami'an jiha gudanar mata da shirinta.

Na uku, harshe. A 2022 kun mayar da tsarin fassara doka, kun kafa masa ofis, kun ce a fassara muhimman takardu cikin harsuna 12. Akwai Faransanci da Larabci a ciki, sai aka ɗauka an gama da Afirka. Ranku ya daɗe, Faransanci harshen ɗan boko ne. Dattijuwar da ta fito daga ƙauyen Damagaram ba ta taɓa zama a aji ba. Na taɓa iske wata a wani asibiti an miƙa mata waya, tafinta na zuba Faransanci, ita kuma tana cewa "wi, wi" don kada ta ba da kunya. An ga fasfonta na Nijar ne aka yanke mata harshe. Da na tambaye ta me aka ce, sai ta ce, "Wallahi 'yar nan, Allah kaɗai ya sani." Bayanin yadda za ta sha maganin hawan jini ake yi mata. Na san a takarda doka ta ce a nemo wa kowa tafinta da harshensa. A aikace kuwa sai a ce babu mai Hausa a layi, a dawo wani mako, ko a waiwaya a ce ɗanta ya fassara. Na ga yaro ɗan shekara 11 an tsayar da shi tsakanin uwarsa da likitan mata. Uwar ta ce kanta ne ke ciwo. Ba kanta ba ne.

Dalilin da ya sa ba ma shiga lissafi shi ne da alƙaluman ƙidaya ake zaɓen harsunan, kuma a teburin da aka fi dubawa, Yarbanci da Twi da Ibo da "sauran harsunan Afirka ta Yamma" duk layi ɗaya aka cusa su. Mu ma da namu laifin, in faɗi gaskiya: da yawanmu in an tambaye su harshen gida sai su rubuta Turanci ko Faransanci, wai kada a raina su. Muna faɗa da wannan ɗabi'a a tsakaninmu. Amma masu Fulatanci da Wolof da Soninke da Mandinka da Hausa sun cika layin masaukai a hunturun 2023, kowa ya gan su, ba sai an jira ƙidaya ba.

Sauran biyun zan taƙaita. Yaro mara takarda yana da inshorar lafiya a jihar nan, mai ciki na da ita, kuma tun Janairun 2024 wanda ya kai shekara 65 ya samu. Wanda ke tsakanin 19 da 64, wato mai ciyar da su duka, shi aka bari sai ciwo ya kayar da shi a kai shi sashen gaggawa, inda kuɗin ya fi yawa kuma ku ɗin dai za ku biya. Sannan ga masu sana'a a hannu da aka ɗaure. Na yi aiki kafaɗa da kafaɗa da matar da ta shekara 15 tana karɓar haihuwa a babban asibiti a gida, a nan tana wanke fo. Macen da ta fara kitso tun tana 'yar shekara bakwai sai ta biya kuɗin zaman aji na awa 300 kafin a ba ta lasin. Tennessee, wadda ba a san ta da tausayin baƙi ba, ta yi doka a 2023 da ta sauƙaƙa wa likitocin da suka yi karatu a waje hanyar fara aiki, don ta ga asibitocinta na neman hannu.

Na san amsar da ake ba mu: babu kuɗi, birni ya riga ya kashe biliyoyi kan masaukai, masu zaɓe sun gaji. Ban raina wannan magana ba, ni ma ina jin ta a bakin tsofaffin da nake yi wa aiki, wasu ma ina cikin shafa musu mai a ƙafa suke faɗa. Amma mu duba lissafin. Kasafin da kuka zartar a 2025 dala biliyan 254 ne. Abin da aka ware wa lauyoyi da hidimar baƙi dala miliyan 64 ne da 'yan kai, wato santi biyu da rabi cikin kowace dala 100. A ɗaya hannun, cibiyar nazarin haraji ta ITEP ta lissafa cewa marasa takarda sun biya jihar nan da ƙananan hukumominta dala biliyan 3.1 a 2022 kaɗai. Kowa ya ci ladan kuturu, dole ya yi masa aski. Kuma mai lauya shi ke saurin samun izinin aiki, mai izinin aiki shi ke barin masauki ya kama haya. In kuɗin masaukin ne ke damunku, ga hanyar rage shi nan.

Akwai wani tarihi da nake so ku sani, don ya shafe ni ya shafe ku. A watan Yunin 1847 wani jirgin ruwa ɗauke da kofi ya iso tashar New York daga Rio de Janeiro. A cikinsa akwai wani bawa mai suna Mahommah Gardo Baquaqua, haifaffen Jugu a ƙasar Benin ta yau, mahaifiyarsa kuwa Bakatsiniya ce kamata. Ya nemi 'yancinsa, aka kai magana kotu, alƙalai suka ce ma'aikacin jirgi ne, a mayar da shi ga kyaftin. Masu yaƙi da bauta ne suka tsaya masa, ya sulale daga gidan yari, ya bi ta Boston zuwa Haiti, daga baya ya dawo ya yi karatu a wata kwaleji a McGrawville, a cikin jihar nan. Shekara bakwai kafin zuwansa, a 1840, zamanin Gwamna William Seward, majalisar da kuke zaune a kujerunta ta yi doka cewa duk wanda aka zo kamawa da sunan bawa ne gudajje, sai an yi masa shari'a a gaban masu taimaka wa alƙali, kuma hukuma ta tsayar masa da lauya. A lokacin ma dokar kamen ta tarayya ce, a lokacin ma an ce ba ruwan jiha. Magabatanku ba su karɓi wannan uzuri ba.

Don haka ga abin da muke roƙo, kai tsaye.

Ku zartar da Access to Representation, ku sa masa kuɗi na shekaru a jere, yadda ƙungiyoyin lauyoyi za su iya ɗaukar ma'aikata su horar da su, har da garuruwan arewacin jiha irin su Buffalo da Rochester da Syracuse, da gonakin madara inda lauya mafi kusa tafiyar awoyi ce.

Ku zartar da New York for All cikakkensa, da soke yarjejeniyoyin 287(g) a kowace gunduma. In kun ga ba za a jira Janairu ba, kuma mu a ganinmu bai kamata a jira ba, Gwamna na da ikon kiran zama na musamman. Honorabul Heastie, kai ɗan Bronx ne, masu wannan kuka maƙwabtanka ne. 'Yar majalisa Karines Reyes mai ɗauke da ƙudurin 'yar Bronx ce, ma'aikaciyar jinya, ta san abin da muke faɗa. Catalina Cruz mai ɗauke da na lauyoyi ita kanta ta taso ba takarda. Ku ba su ranar ƙuri'a. Wanda zai ƙi ya ƙi a fili, mu san sunansa.

Ku gyara dokar harshe ta yadda za a duba harsunan sababbin zuwa da na kowane yanki, ba jimillar jiha kaɗai ba. Ku ware kuɗin horar da tafintoci daga cikinmu, a ba su shaida, a biya su, domin aikin da nake yi kyauta a ranar hutuna ba tsari ba ne. Ku haramta sa yaro tafinta a asibiti da ofisoshin gwamnati in ba rai ne ke hannun Allah ba. Kuma tunda da yawa daga cikin iyayenmu ba sa karatun boko ko da Hausar ce, a riƙa yin sanarwa da murya, irin wadda za a tura ta WhatsApp a saurara.

Ku rufe giɓin inshorar lafiya na masu shekara 19 zuwa 64, ku kuma buɗe hanyar tantance takardun sana'ar da aka samo daga waje.

Za mu zo Albany idan kun dawo, da motocin haya, da abincinmu a kula, mata da maza. Kafin nan ina da ƙaramin roƙo ɗaya. Duk ofishin da wannan wasiƙa ta shiga, a rubuta ranar da ta iso da ranar da aka samu wanda ya karanta muku ita daga farko har ƙarshe, mutum mai rai ba na'ura ba. Idan mun haɗu zan tambayi kwana nawa ne a tsakani.

Na gode da sauraro. Ku huta lafiya.

Taku cikin girmamawa,
Wata mai kula da tsofaffi, kuma mai jefa ƙuri'a,
Bronx, New York.